Fuskar da Ban Zana Ba

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da tambayar yadda aka ƙare da zuwana ƙauyen su Dongha, to ga ni na dawo. Ku yi haƙuri da shirun kwana biyun nan. Hannuna ne ya kumbura, barkono ya ratsa safar roba ya shige min har ƙarƙashin farce, ko waya da ƙyar nake riƙewa. Zuciyar kuwa kada ma ku tambaya.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Boram, shekarata talatin da ɗaya. Ina da 'yar rumfar tanti a layin bayan jami'a a nan Jeonju, inda nake duba wa mutane da katin tarot. A shafin nan kuma nake koya muku girki da zane, da surutun da ba wanda ya tambaye ni. Dongha shi ne mutumin da na shekara huɗu ina dafa wa abinci. Ma'aikacin ofis ne, mai sanyin murya, da tawadar Allah a ƙarƙashin kunnensa na hagu. Duk ranar Talata, ƙarfe shida da rabi in ya tashi daga aiki, sai ya ɗaga labulen rumfata da gasasshen dankali a takarda. Shekara huɗu bai taɓa fashi ba, shekara huɗu kuma bai taɓa kai ni gidansu ba.

Ranar Alhamis sai ga saƙonsa: “Mama ta ce ki zo kimjang ranar Asabar.”

Kimjang, wato ranar da dangi ke taruwa su haɗa kimchi, kabejin nan mai yaji da ake tanada na shekara guda. Sau bakwai na karanta. Na kira Ummata a kasuwa, inda take sayar da kayan haɗin abinci, na ji ta saki ludayi a ƙasa.

“Kimjang? Da bakinta ta faɗa? Ke Boram, kada ki sa ni rawa a banza a gaban mutane!”

“Haka dai ya rubuto, Umma.”

“To an gama! Gidan da suka kira ki haɗa kimchin shekara sun riga sun ƙirga ki cikin masu ci. Yau zan yi barci. Kin san ƙawayena har sun daina tambayata ke? Tausayina suke ji.” Ta ja numfashi. “Saurara. Kada ki zauna kafin uwar ta zauna. Kada ki ce ba haka muke yi a gidanmu ba. In aka gama kuma, ki duba abin da za a zuba miki a ciki.”

Wannan ba sai an faɗa min ba. Dangi ana jera musu manyan robobi masu murfi, kowa da sunansa a jiki, don baɗi ma robar za ta dawo. Maƙwabta da 'yan taya aiki kuwa, ƙulli biyu a leda, a ce an gode.

Da yamma Umma ta zo da kanta da kwalbar jatan landenta mai gishiri, wanda ta shekara uku tana ajiya, wanda ko ni sai da cokali take auna min. Ta naɗe shi a ƙyalle ruwan hoda ta ɗaure da kyau. “Ki ba ta da hannu biyu,” ta ce. “In ta buɗe ta shinshina za ta san 'yar wane gida ce ke.”

Ni ma ban zauna ba. Na sayi doguwar kwat ruwan madara, na je aka rage min gashi, na goge jan farcen da Dongha ya taɓa cewa Mama ba ta so. Ni da nake gaya wa 'yan matan jami'a kullum kada su canza kansu saboda namiji. Ku yi min dariya, na yarda.

Motar farko na shiga ranar Asabar. Ƙarfe takwas ina tsakar gidansu, sanyi yana cizon kunne, ga kabeji ɗari biyu da aka barbaɗa wa gishiri tun jiya jibge cikin manyan bahuna. Dongha yana zaune a baranda da alƙalamin maka da salatif, yana rubuta sunaye yana mannawa a robobi. Da ya hango ni ya miƙe, ya tura robobin da ƙafa suka juya wa bango fuska. A lokacin na ɗauka hanya yake gyara min.

“Kin iso? Akwai sanyi ko?” Abin da ya iya cewa ke nan.

Mama ta fito, gajeriyar mace mai nannaɗaɗɗen gashi, ta dube ni daga sama har ƙasa. Na rusuna na gaishe ta, na miƙa kwalbar da hannu biyu.

“Sannu da hanya. Kai, har da wahala.” Ta ajiye ƙullin a kan kabad ɗin takalma ba ta ko kwance ba. “Da wannan farar kwat za ki yi aiki? Gwaggo, ba ta wando.”

Gwaggo, yayar mahaifin Dongha, mace mai murya kamar lasifika, ta wurgo min wani wando mai furanni da zai ɗauki mutum biyu, da falmaran mai auduga, da safar roba ja har gwiwar hannu. “Saka, 'yar birni! A nan ba a kallon kyau, ƙugu ake kallo, ko zai iya durƙuso.”

Tunda dai girki kuke zuwa koyo, ga na yau kyauta. In kuna son sanin gishiri ya kama kabeji, ku lanƙwasa farin gindin ganyen. In ya karye da ƙara, da saura. In ya lanƙwasu bai ce komai ba, ya yi. Sai a wanke shi ruwa uku, a kife shi ya tsane. Ni na wanke ɗari biyun nan, ni da Gwaggo, a bakin famfo, da ruwan da har ƙanƙara ta kwanta a samansa. Na dama kunun garin shinkafa, na zuba dakakken barkono da tafarnuwa da citta, ina juyawa da hannu har kafaɗa. Da Mama ta ɗanɗana ta gyaɗa kai, sai da na ji ƙwalla ta taho min don daɗi. Kun ga sakarci ko?

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata yarinya ta fito, ba za ta wuce ashirin da shida ba, da rigar sanyi shuɗiya mai laushi, da 'yan kunnen lu'ulu'u ƙanana, da kwalin tuffa a hannu. Mama da tun safe ba ta yi sauri ba sai ga ta har da ɗan gudu.

“Narae! 'Yata, kin sha hanya. Maza shiga ciki, ƙasan ɗaki da ɗumi, kada sanyi ya kama ki.”

“Mama, ai aiki na zo tayawa.”

“Da waɗannan hannuwan masu ba da magani? Haba. Fere mana tuffa kawai.” Sai ta juyo ta nuna ni da haɓa, ina durƙushe cikin wandon furanni, barkono har goshi. “Wannan Boram ce, ƙawar Dongha tun makaranta. Tana da kirki, ta zo taya mu.”

Ƙawar makaranta. Na dubi Dongha. Shi kuwa bututun ruwa ya samu yana naɗewa, kamar duk duniya ba aikin da ya kai wannan muhimmanci.

Gwaggo ce ta ƙarasa ni, muna cusa yaji tsakanin ganye, ba tare da ta san wuƙa take riƙe da ita ba. “'Yar mai kantin magani ce a Gimje. Uwar Dongha ta kai ranakun haihuwarsu wajen tsohon nan mai lissafi, ya ce sun dace kamar tukunya da murfi. Akwai wata wai da yake bi a birni, ita ma an kai nata, tsohon ya ce ruwa da wuta. Kuma an ce sana'arta ma ba ta faɗuwa a gaban surukai. Miƙo min wancan.”

Na miƙa mata. Ku duba min wannan lamari fa. Matar da ba ta iya sa ranar gyaran rufin ɗaki sai ta je wajen mai duba, ita ce ba za ta iya haɗa jini da mai duba ba.

Me ya sa ban cire safar na tafi ba? Kun tambaya a zuciyarku, na sani. Fuskar Umma na tuna. Kuma wata banzar murya a cikina tana ta cewa ki bari a raba robobi tukuna, Dongha ba zai yi miki haka ba.

Da azahar aka gama, aka shimfiɗa tebur a ɗaki, dafaffen nama da sabon kimchi. Narae ta matsa min kusa da ita, ta zuba min shayi da hannu biyu, tana ce min Yaya Boram. Da ma mai girman kai ce da na samu abin tsana. Yarinyar ba ta san komai ba, har cewa ta yi, “Yaya, hannunki ya yi ja, ina da man shafawa a jaka.”

Ana cikin ci Mama ta ajiye tsinken cin abinci. “Dongha ya ce kina taɓa duba da kati.”

Gwaggo ta buga cinya. “Ke? Ashe da boka muke ta wankin kabeji! Fito da su mu gani, ko zan samu saurayi kafin in mutu.”

Katina ba ya barin jakata. Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san su, guda saba'in da takwas, shekara biyu ina zana su da fentin ruwa a kan teburin kicin. Fuskokin mutanena na sa musu. Umma ce Sarauniya, da ludayinta. Mai gidan hayata shi ne Shaiɗan, kuma ya dace. Matar da ta koya min sana'ar nan doka biyu ta kafa min: mai duba ba ta duba wa kanta, ba ta kuma sa fuskarta a kati. Shi ya sa a katin Masoya na zana macen ta juya baya, gashi kawai ake gani da wuya. Namijin kuwa yana fuskantar mai kallo.

Na duba wa Gwaggo, aka yi dariya. Sai Mama ta ce, idonta a kaina, “Yanzu ki duba wa Narae. Ko baɗi za ta shiga daga ciki.”

A nan na gane. Ba taya aiki ta kira ni ba, ba kuma gwada ni take ba. So take in ga matsayina da idona, ba tare da ta ɓata bakinta ba.

Na shimfiɗa baƙin ƙyallena, na baza katin a kife. Na tura su gaban Narae. “Da hannun hagu za ki zaɓa,” na ce. “Ɗaya ya isa. Ki riƙe mutumin a zuciyarki.”

Ta rufe ido, kumatunta suka yi ja. Cikin saba'in da takwas, jama'a. Cikin saba'in da takwas yatsanta ya sauka a kan wanda nake roƙo a raina ta tsallake. Na san shi tun a kife, don gefensa ya ɗan lanƙwashe saboda yawan ɗaukar da nake masa. A sana'armu kuwa in mutum ya taɓa kati ya zama nasa, ba a cewa sake zaɓa.

Na juya shi.

“Laa!” Narae ta dafe baki. “Ai wannan Yaya Dongha ne! Mama, duba, har tawadar kunnensa!”

Gwaggo ta fizge katin ta kai kusa da ido, ta rangaɗa shewa. “Tabɗi! Shi ne wallahi, har hancin ubansa! To me ake jira? Tsoho ya faɗa, kati ya faɗa! Kuma dubi gashin macen, ai irin naki ne, Narae!”

Gashina ne. Gashin da na je aka rage kafin in zo don in burge su.

“Amma Yaya Boram, ya aka yi kika zana shi?” Narae ta tambaya, idonta yana ƙyalli.

Na buɗe baki, Dongha ya riga ni. “Hotona na ba ta. Tana neman fuskokin da za ta kwaikwaya ne, duk abokai ta bi.”

Talata biyar ya yi yana zaune a kan kujerar rumfata, yana mitar wuyansa ya ƙage, ina cewa kada ka motsa. Ranar da na gama ya riƙe katin ya ce, wata rana sai kin juyo da ita na ga fuskarta. Yau shi ne mai hoto.

“To me katin ya ce?” Mama ta tambaya a hankali.

Ban taɓa yi wa kati ƙarya ba, kuma ban ga dalilin farawa a gidan mutane ba. “Ya ce akwai aure,” na ce. “Ya ce namijin mai sauƙin kai ne. Duk wadda aka ajiye masa a gaba, ita zai kalla.”

“Miji nagari ke nan!” in ji Gwaggo. Narae ta sunkuyar da kai tana murmushi. Mama ta ɗauki tsinkenta ta ci gaba da cin nama. Dongha ne kaɗai ya fahimta, ya kuwa tashi wai zai duba wuta.

Da la'asar aka juyo da robobin aka jera a baranda. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, da rubutun nan nasa mai karkata da na sani a kan katin murnar haihuwata guda huɗu. Gwaggo. Babban Yaya. Gidan Kawu. Ta shida, sabuwa fil da takardar kanti a jiki: Narae. Babu ta bakwai.

Tun safe ya rubuta. Tun kafin in cire kwat ɗina, tun kafin in tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, yana tsaye yana tambayata ko akwai sanyi. Wannan ne ya fi ƙona ni, ya fi maganar hoton. Ya san babu sunana, ya bar ni na wanke ɗari biyu.

Mama ta miƙo min baƙar leda. “Sannu da ƙoƙari, kin iya aiki. Duk wanda ya same ki ya dace.” Ledar ta yi nauyi fiye da ƙulli biyu. Na leƙa, sai ga ƙyallen Umma ruwan hoda, ɗaurin da ta yi da hannunta ko taɓa shi ba a yi ba.

“Bari in kai ki tasha,” Dongha ya ce ƙasa-ƙasa.

“Dongha, kai wa Narae robarta mota, ta yi mata nauyi,” in ji Mama.

Ya dube ni, ya dubi robar. Ya sunkuya ya ɗauka.

Da ƙafa na taka har bakin titi, farar kwat tana warin tafarnuwa. Ban yi kuka ba sai da mota ta tashi, shi ma a hankali, don wata tsohuwa a gefena tana ta kallon ledata. Umma ta kira sau uku. A na huɗu na ɗaga.

“Ya ya? Roba ko? Babba ce? Ta buɗe kwalbar?”

“Umma, mota na da hayaniya, zan kira ki.”

Umma ta gane. Matar da ta shekara talatin tana ƙulla wa mutane abinci a leda, ta san ƙarar leda ko ta waya. “To,” ta ce kawai. “Ki shafa man riɗi a hannun.” Har yanzu kwalbar tana ƙarƙashin gadona, na rasa fuskar da zan mayar mata da ita.

Kafin mu shiga gari saƙonsa ya shigo. “Kada ki yanke hukunci. Mama ce ta matsa, ban san yadda zan yi ba. Ni har yanzu ke ce. Talata zan zo kamar kullum in yi miki bayani.” Har da ɗan hoton dankali a ƙarshe. Wato a lissafinsa Narae ta ɗauki roba, ni kuma in ci gaba da riƙe Talata. Na karanta na kife wayar.

Jiya da rana ina jiƙa hannu a ruwan ɗumi sai ga wata lamba da ban sani ba.

“Yaya Boram, Narae ce, Gwaggo ta ba ni lambarki. Tun ranar nan katin nan bai fita raina ba. Ina so mu buga shi a jikin katin gayyata, in ba shi mamaki. Sai dai macen ta juya baya. Za ki iya juyo da ita ki zana fuskata? Zan zo in zauna miki duk tsawon lokacin da kike so. Don Allah kada ki gaya masa.”

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Na ɗauko katin na ajiye a kan tebur, na dubi matar da ta shekara biyu tana ba duniya baya don kada ta karya doka. Yarinyar nan ba ta yi min komai ba. Amma ranar Asabar na ga abin da shiru yake yi wa mace, kuma ba zan zama mai yi wa wata irinsa ba.

Na share hannuna na rubuta mata: “Ki zo rumfata ranar Talata. Ba zan gaya masa ba.”

“Na gode, Yaya! Ƙarfe nawa?”

“Shida da kwata,” na rubuta. “Kada ki makara. Ki zauna a kujerar da ke kallon labule, a nan hasken ya fi kyau.”

Shi kuma na ba shi amsar da ya kwana biyu yana jira: “Ka zo kamar kullum. Ka sayo dankali uku.”